Ɗan Hausa da Gidansa na Nasarawa

Mutanenmu na Gumel da Gagarawa da Maigatari masu shiga Kano, da yawansu sun ji labarin Gidan Ɗan Hausa, amma kaɗan ne suka san wanda aka laƙaba wa gidan sunansa. To, Ɗan Hausa Bature ne, sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin 1876, ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kambirij ta Ingila.

Da fari aikin mishan ya kawo shi ƙasar nan cikin 1901, amma bai daɗe ba ya bar shi. Cikin 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki ƙarƙashin Gwamna Lugga, aka tura shi Barno. Cikin 1906, da zai komo daga hutu, sai ya ƙi biyo jirgin ruwa irin na sauran Turawa. Ya sauka Tarabulus, ya haɗa ayari na alhazai da bayin da aka 'yanta masu son komawa gida, suka keto Sahara ta Murzuƙ da Bilma har Tafkin Cadi. Labarin wannan tafiya shi ya rubuta littafi a kai, aka buga cikin 1910.

Amma aikin da ya sa muke tuna shi, na makaranta ne. Gwamnati ta aike shi Masar da Sudan ya dubo yadda ake koyarwa a ƙasashen Musulmi, sa'an nan ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano, cikin 1909, zamanin Sarki Abbas. A lokacin nan iyaye na gudun boko ƙwarai, don suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Sai ya fara da malamai, watau waɗanda suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, don su zama masu koyarwa. Bayansu aka kawo 'ya'yan sarakuna. Da Hausa aka riƙa koyarwa, ba a kuwa yar da Larabci ba, yara kuma suka zauna da tufafinsu na gida. Ya kuma buɗe sashen sana'a, inda ake koyon dukanci da ƙira da sassaƙa. Cikin 1912 ya fid da ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. An yi musu gyara daga baya, har aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, amma daga nan rubutun da kuke karantawa yanzu ya kama hanya.

Ba za mu ɓoye ba, akwai masu ganin tsarinsa ya yi tafiyar hawainiya, ya jinkirta koyon Turanci, har Kudu ta yi wa Arewa nisa. Mu dai muna ganin maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai da an zo wa mutane da gaggawa a shekarun nan, da wuya sarakuna su ba da 'ya'yansu.

Yaƙin Duniya na Farko ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka, ya rasu a Ingila cikin 1945.

Gidan nasa na ƙasa ne, ginin magina Hausawa, da zankwaye da bakan gizo da zanen bango. Yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Ana kai 'yan makaranta su ga kayan sana'o'in gargajiya da tufafi da makamai na dā, a harabarsa kuma akan yi wasanni da raye-rayen gargajiya irin su koroso. Mai zuwa daga wajajen Gumel, in ya shiga Kano, sai ya tambayi unguwar Nasarawa.