Don Bradman: Gwanin Kurket da Maki Huɗu Suka Gagara

A majalisarmu ta mai shayi da ke unguwar Mayo Gwoi a Jalingo, akwai musun da ba ya ƙarewa, wato na wa ya fi wa. Samari su ce Messi, wasu su ce Ronaldo, dattawa su jawo Pele. In hira ta gangaro gida sai a koma kan dambe, wannan ya rantse ba a sake yin kamar Shago ba, wancan ya ce ba don waƙar Ɗan Anace ba da tuni an manta da shi. A tsakiyar irin wannan musu ne wani tsohon malamin makaranta ya ce mana a duk duniyar wasanni mutum ɗaya ya sani wanda lissafi ya raba gardama a kansa, shi ne Don Bradman na wasan kurket. Ban taɓa jin sunan ba. Da na dawo makaranta sai na bi diddiginsa, abin da na samo kuwa shi ne na kawo wa mai karatu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san yadda wasan yake, domin baƙo ne ga yawancinmu, ko da yake an buga shi a Kwalejin Katsina, har Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi. Ana kafa 'yan sanduna uku a ƙasa. Mai bugu ya tsaya a gabansu riƙe da faffaɗan katako, mai jifa kuma ya wurgo ƙwallo mai tauri da nufin ya kayar da sandunan. In mai bugu ya doke ƙwallon ta yi nisa, sai ya ci maki. In ta kayar da sandunan, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita ke nan. Ana auna gwaninta ne da matsakaicin maki, wato a raba dukkan makin da mutum ya ci da yawan lokutan da aka fitar da shi. Wanda ya kai 50 a wasannin ƙasa da ƙasa, gwani ne na ƙwarai.

An haifi Donald George Bradman ranar 27 ga Agusta, 1908, a garin Cootamundra na ƙasar Ostireliya, amma a Bowral ya tashi. Mahaifinsa manomi ne da ya koma aikin kafinta. Yana yaro ba shi da abokan wasa kusa, don haka sai ya ƙirƙiro wasansa shi kaɗai. Yakan jefa ƙaramar ƙwallon golf a jikin gindin tankin ruwan gidansu, wanda aka gina da bulo a kewaye, ta dawo da sauri ta inda ba a zata ba, shi kuma ya tare ta da siririyar sanda. Wanda ya saba samun ƙaramar ƙwallo da siririyar sanda, me zai hana shi samun babba da faffaɗan katako? Yana ɗan shekara 12 ya fara cin maki ɗari a wasan makaranta.

A 1928 aka saka shi cikin 'yan wasan ƙasarsa don karawa da Ingila. Farkon bai yi kyau ba, maki 18 ya ci, sannan 1, aka ajiye shi a wasa na gaba. Da aka dawo da shi a wasa na uku ya ci 79 da 112, ba a sake ajiye shi don gazawa ba. A 1930 ya tafi Ingila, inda ya tara maki 974 a wasanni biyar, adadin da har yau ba wanda ya kamo. A birnin Leeds ya ci 334, daga ciki 309 a yini ɗaya. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, Ostireliya ta cika da marasa aikin yi, sai ya zama yaron Bowral ne abin da ya rage wa mutane su yi alfahari da shi.

Turawan Ingila da suka rasa yadda za su yi da shi, sai suka sake dabara a kakar 1932 zuwa 1933. Shugaban 'yan wasansu Douglas Jardine ya sa masu jifa irin su Harold Larwood su riƙa auna jikin mai bugu maimakon sanduna. An ji wa 'yan wasa ciwo, rai ya ɓaci har maganar ta kai ga hukumomi, daga baya aka gyara dokokin wasan. Dabarar ta ci, domin Ingila ta yi nasara, matsakaicin Bradman a wasannin ya sauko zuwa 56. Abin dariya a nan shi ne, faɗuwar tasa ta ɗara tashin wasu gwanayen.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa shekarun ƙarfinsa, ga ciwon baya da ya sa aka sallame shi daga soja a 1941. Ya dawo bayan yaƙi, ya jagoranci ƙasarsa zuwa Ingila a 1948, suka gama rangadin ba a ci su ko sau ɗaya ba. A wasan ƙarshe, a filin Oval na Landan, cikin watan Agusta, ya shigo fili yana da maki 6,996. Maki huɗu kawai yake buƙata su cika 7,000, in an raba da fita 70 ya zama 100 cif. Jama'a suka miƙe suna tafi, abokan karawa suka yi masa jinjina. A jifa na biyu, Eric Hollies ya kayar da sandunansa bai ci ko ɗaya ba. Haka ya tsaya a 99.94, bayan wasanni 52.

To, a nan ne musun yake. Masu goyon bayan na baya sukan ce Sachin Tendulkar na Indiya ya buga wasanni 200, ya ci maki 15,921, a ƙasashe da yanayi iri-iri. Brian Lara ya ci 400 a bugu ɗaya a 2004. Viv Richards ya tari jifa mafi zafi ba tare da hular kwano ba. Shi kuwa Bradman a Ingila da Ostireliya kaɗai ya buga, 37 daga wasanninsa da Ingila ya yi su. Wannan duk gaskiya ne. Masu kare shi kuma sukan ce a zamaninsa ba a rufe fili in an yi ruwa, ba hular kwano, katakon bugun ma bai kai na yanzu kauri ba.

A ganina, duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Ba a haɗa Shago da ɗan damben yau a fage ɗaya, sai dai a tambaya wa ya kayar a zamaninsa. Waɗanda suka buga tare da Bradman, a filaye iri ɗaya, da dokoki iri ɗaya, ba ragwaye ba ne. Wally Hammond na Ingila ya tsaya a 58, George Headley na tsibiran Karebiyan a 60. Tendulkar ya ƙare a 53, a cikin sa'o'insa akwai waɗanda suka yi kunnen doki da shi, har da waɗanda suka ɗara shi. Tazarar maki kusan 40 tsakanin mutum da na biye da shi, ita ce ba a sake gani ba.

Amma suna kaya ne, kuma ya ɗauke shi da nauyi. Mutum ne mai son kaɗaici, ba ya zaman shaye-shaye da abokan wasa, wasu daga cikinsu kamar Jack Fingleton da Bill O'Reilly ba su taɓa jituwa da shi ba. Ɗansa na fari ya mutu yana jariri a 1936. Ɗansa John kuwa, da sunan ya yi masa nauyi, sai ya sauya shi zuwa Bradsen a 1972, bai koma wa na asali ba sai bayan shekaru masu yawa. An ba Bradman sarautar Sir a 1949. Yana shugabantar hukumar kurket ta ƙasarsa aka soke ziyarar 'yan wasan Afirka ta Kudu a 1971, a zamanin mulkin wariyar launin fata. Matarsa Jessie ta mutu a 1997, shi kuma ya bi ta ranar 25 ga Fabrairu, 2001, a birnin Adelaide, yana da shekara 92.

Da na koma Mayo Gwoi hutu, na zayyana wa majalisa waɗannan alƙaluma ina jin na kawo ƙarshen magana. Mutumin nan mai son dambe ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko wannan Baturen yana da mawaƙi. Na ce an yi masa waƙa tun a 1930, ta kuma zagaye ƙasarsu. Ya kurɓi shayinsa, ya ce ashe dai shi ma da Ɗan Anacensa, musu ya koma sabo.