Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Wanda Ya Rasu Ran 17 Ga Agusta, 1955

Ranar 17 ga watan Agusta, a nan ƙasar Rano da Kibiya, rana ce ta tsakiyar marka. Gero ya fid da kai, gyaɗa ta rufe kunyoyi, manomi kuwa yana tsakanin tsohon hatsi da ya kusa ƙarewa a rumbu da sabo wanda bai nuna ba tukuna. Ba kowa ke kula da kwanan watan Bature a irin wannan lokaci ba. Amma masu tarihi sun rubuta abubuwa da dama a ƙarƙashin wannan rana. A cikinta ne, a shekarar 1945, Sukarno ya yi shelar 'yancin kan Indunusiya. A cikinta Gabon ta sami mulkin kai daga hannun Faransa a 1960. A cikinta aka haifi Janar Ibrahim Babangida a Minna a 1941, shugaban Pakistan Janar Ziya'ul Haƙ ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1988, girgizar ƙasa kuma ta hallaka mutum fiye da 17,000 a ƙasar Turkiyya a 1999.

To, amma abin da ya fi kusa da mu shi ne wanda ya faru ran Laraba, 17 ga Agusta, 1955, daidai da kwanakin ƙarshe na watan Zulhajji, 1374. A ran nan ne Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, yana da shekara kamar 78. Mutanen zamaninsa sun ɗauke shi a kan babu attajiri kamarsa duk Afirka ta Yamma. Mu kuwa muna da haƙƙin ba da labarinsa ta fuska biyu. Ɗan Bebeji ne, maƙwabciyar Rano, sa'an nan yawancin dukiyarsa daga gyaɗa ta fito, irin wadda kakanninmu na Durba da kewayenta suka noma da hannunsu.

An haife shi a garin Bebeji a shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Danginsa Agalawa ne, watau fataken nan da asalinsu ya fito daga wajen Azbin, suka zauna ƙasar Katsina, daga baya suka bazu cikin garuruwan kudancin Kano. Kakansa, Baba Talatin, a Madobi ya zauna. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne mai jan ayarin Gwanja, mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan fataucin Gwanja, domin yaran yau sun ji sunan kawai. Ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro. Kayan da ake ɗauka su ne kanwa, da fatu, da saƙi, da baƙin rini irin na karofin Kura da sauran garuruwan wannan yanki namu. A bi ta yamma, a ƙetare kogin Kwara a wajen Yawuri, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Yandi, har a sauka Salaga, inda goron ƙasar Asante yake fitowa. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana neman zango, kowane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi. Zuwa da komowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Goro kuwa kaya ne mai wuyar sha'ani. In ba a kwance shi ana tsincewa ana sāke ganye ana yayyafa ruwa ba, sai a iso Kano da ruɓaɓɓe. Saboda haka wanda ya tashi a wannan sana'a ya koyi haƙuri da lissafi da sanin mutumin da za a ba amana tun kafin ya yi gemu.

Alhassan bai daɗe a inuwar mahaifinsa ba. Yana da shekara kamar takwas Madugu Abdullahi ya rasu. Aka raba gado, uwarsa ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da a yau ake kira Gana, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, mai suna Tata. Daga gare ta sunan ya samo asali. Wannan abin lura ne ƙwarai. Ubansa madugu, uwarsa attajira, amma sunan da ya shiga takardun kamfanonin Ingila, sunan da ke jikin motoci da makarantu da asibitoci, na baiwar nan ne wadda ba ta bar ko taƙi ba, sai riƙon da ta yi wa marayu.

Abin da ya samu na gado bai kai shi ko'ina ba. Ya yi karatun allo a Bebeji kamar kowane almajiri, yana 'yan aikace-aikace da ƙananan saye-saye don ya ci da kansa. Tata ce ta koya masa ajiya a asusu, ya riƙe wannan hali har tsufansa. Da ya kai shekara kamar 15 sai ya bi ayarin Gwanja, ya dangana har Ankara wurin mahaifiyarsa. Ya zauna ɗan lokaci, ya ga teku, ya ga jiragen ruwa da yadda ake ciniki da Turawa, sa'an nan ya komo gida.

Komowarsa ke da wuya sai ƙasa ta rikice. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, Yusufu da sauran 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894. Garuruwan kudu sun sha wuya a yaƙin nan, Agalawa da yawa kuwa suna bayan Tukur, saboda haka da Tukurawa suka fāɗi aka ƙwace dukiyarsu, aka kama wasu. Masu tarihin gidan sun ce Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da suka fanshi kansu. Bayan shekara tara, a farkon 1903, Turawa suka taso daga Zariya, Bebeji ta rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, suka wuce suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu.

Wasu fatake sun ga zuwan Turawa a kan ƙarshen sana'arsu ne, kuma ba su yi kuskure ba, don ayarin jakuna bai sāke komawa yadda yake ba. Alhassan kuwa sai ya duba abin da ya canza. Wajen 1906 ya riƙa sayen goro a ƙasar Gana yana sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, abin da ayari ke yi a watanni ya koma na 'yan kwanaki. Ya haɗa da duwatsun wuya da yadin Turawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, sai hanyarsa ta miƙe tun daga bakin teku har Kano. A wajen wannan lokaci ya bar Bebeji ya gina gida a birni, a gefen Koki, wurin da ake kira Sarari, wanda a sa'an nan fili ne.

Turawa sun shimfiɗa dogo ne da zaton auduga za su kwasa. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga ta ana ci in yunwa ta zo, ga harawa ta dabbobi, ga ta tana gyara gona. Kamfanonin Turawa suka tarar da kasuwar da ba su san hanyar shigarta ba, ba su jin Hausa, ba su san ƙauyuka ba. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. A 1918 Kamfanin Neja, wanda a 1929 ya haɗu da wani suka zama U.A.C., ya jawo Alhassan cikin masu saya masa. Kafin 1922 ya wuce dukkansu.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu kasuwannin ƙauye, su ma su ba nasu yaran. Kuɗi mai yawa yakan bi hannu uku ko huɗu babu takarda babu sa hannu, ya komo a buhuna bisa jakuna da raƙuma, daga baya bisa motoci. Mutum ɗaya ya ci amana, sarƙar ta tsinke. Abin da ya fifita shi a kan Kwarori da sauran masu saye shi ne ya san wa zai ba, kuma abin da ya karɓa yakan cika shi a kan lokaci. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na shekarar 1929, sa'ad da ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa na Kano, wanda a yau ake kira First Bank. Shi ake danganta wa fara jera buhunan gyaɗa su yi tsini kamar dutsen Dala, ana cewa kowace dala takan ci buhu 15,000. Dalilin tarin kuwa ba ado ba ne, jirgin ƙasa ne ba ya iya kwashewa a kan kari.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari a manta da manomi. Haraji da kuɗi ake biyansa, gyaɗa ce hanyar samun kuɗin, farashinta kuwa a Ingila ake yanke shi, daga baya a ofishin hukumar ciniki. Wanda ya karɓi bashi a watan marka, irin wannan wata na Agusta, yakan biya da kaka a kan farashin da ba shi ya sa ba. Tsofaffi ba su manta da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba, wadda ta zo shekara guda bayan fara cinikin. Attajiran Kano sun samu, kamfanoni sun fi su samu, mai fartanya ne ya tashi da ƙaramin rabo.

Duk da yawan abin da Allah ya ba shi, an san Alhassan da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci, har wasu na ganin ya cika tsimi. Amma wurin ciyarwa da biya wa mutane kuɗin aikin hajji hannunsa a buɗe yake. Shi kansa ya sauke farali a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, a zamanin da yawancin alhazanmu ke tafiya a ƙasa ta Sudan, su yi shekaru a hanya, wasu ma ba su komowa. Ɗansa Mahmudu yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai a Kano a 1948. Bai yi karatun boko ba, amma ya ajiye malaman lissafi, ya kuma sa wasu daga cikin 'ya'yansa a makaranta. Wajen 1950 Sarki Abdullahi Bayero ya sa shi cikin majalisarsa, shi da ba ɗan sarauta ba. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa kuma, yana cikin 'yan ƙasa na farko da aka ba lasin saye kai tsaye.

Ya ga sarakunan Kano takwas, tun daga Abdullahi Maje Karofi har zuwa Muhammadu Sanusi. A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin ya watse, su riƙe zumunci. Ya san abin da yake gudu, gama ya ga yadda dukiyar ubansa ta narke bayan rabon gado, kuma haka dukiyar yawancin attajiran Hausa take ƙarewa, ba ta kai jika. Aka yi masa sutura, aka rufe shi a gidansa na Sarari.

Dalar gyaɗa ba ta daɗe bayansa ba sosai. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, suka haɗu suka share filin, aka rushe hukumomin ciniki a 1986. Wasiyyar kuwa ta kama. Ahmadu ya riƙe gidan har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, shi ne kakan Alhaji Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya ja kamfanin shekaru masu yawa, ya rasu ran 28 ga Yuni, 2025, aka rufe shi a Madina. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Tata da ta yi renon.