Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya lanƙwasa ƙasa

Duk wanda ya shiga tsohon soro a birnin Katsina ya ɗaga kai, zai ga bakan gizo riƙe da rufi. Irin wannan lanƙwasa ce ke ɗauke da wasu manyan gadojin kankare a yau: nauyi yana gangarowa gefe biyu, ƙasa ta karɓe shi. A ƙasar Hausa ba a yi wanda ya ƙware a kanta kamar Muhammadu Durugu ba.

Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau mulki a 1834. Babu siminti, babu rodi. Azarar giginya yake jerawa, wadda gara ba ta cika ci ba, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗe a sama.

Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba. Ana ba da labarin cewa bayan ya kammala wani gini a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani irinsa.