Sarki Tanimun na Damagaram da hanyar Damargu

Duk wanda ya bi hanyar Zinder zuwa Tanut ya san ƙasar Damargu, ƙasar gero da dabbobi. A yau za mu waiwayi sarkin da ya gane darajar wannan hanya, wato Tanimun ɗan Sulaiman.

Mahaifinsa Sulaiman ne ya kafa gadon sarautar Damagaram a Zinder. Tanimun ya hau mulki a 1841, amma a 1843 sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Ibrahim. Sai a 1851 ya sake hawa, ya riƙe ƙasa har rasuwarsa a 1884. Ya gaji ƙasa mai biyan gandu ga Shehun Barno, wadda rigimar gado ta raunana.

Tanimun ya lura cewa ƙarfin sarauta yana bin ƙarfin kasuwa. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya ratso Azbin, Damargu yake bi kafin ya iso Zinder ya wuce Kano. Damargu kuwa ita ce rumbun Azbinawa: su kawo gishirin Bilma, su koma da hatsi. Bature matafiyi Barth ya ga haka da idonsa a 1851. Saboda haka sarki ya riƙe zumunci da Buzayen Kel Owi masu raƙuma, ya ba fatake Larabawa masauki da aminci. Fatu jemammu da gashin jimina suka yi arewa, tufafi da bindigogi suka gangaro kudu.

Bai tsaya ga saye kaɗai ba. Ya tara maƙera suka zuba masa igwa cikin birni, aka haɗa albarushi a gida. Ya kewaye Zinder da ganuwa mai tsayi, ya shigar da Mirya da Muniyo ƙarƙashin ikonsa.

Amma gaskiya ba ta ɓoyuwa. Babban rabo na wannan arziki daga hare-hare da cinikin bayi ya fito, talakawan ƙauyuka da yawa sun biya shi da 'yancinsu. Kuma arzikin ya rataya ga hanya guda. Faransawa suka ci Zinder a 1899, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kaya suka juya wajen teku, ayarin Tarabulus ya mutu, Damargu ta koma gefen hanya.

Tun 2011 matatar man SORAZ tana aiki cikin gundumar Tanut, a shekarar kuma Belbeji ta zama gunduma. Tambayar zamanin Tanimun tana nan: idan dukiya ta ratsa ƙasa, me take bar wa manomi da makiyayi?

Allah ya jiƙan magabata.