Mutisya Munge, uban masassaƙan Kamba

Duk wanda ya taɓa ganin raƙumin dawa, ko giwa, ko karkanda na icce a kasuwannin Nairobi da Mombasa, to ya ga gādon mutum guda. Sunansa Mutisya Munge, ɗan ƙabilar Kamba, daga garin Wamunyu na yankin Machakos, cikin ƙasar Kenya.

An haife shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, inda fari ya kan hana manomi cika rumbu. Tun kaka da kakanni Kamba sun iya sassaƙar kujeru da koshiya, amma sassaƙar siffar mutum ko dabba don sayarwa ba ta cikin sana'o'insu.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Ingilishi suka ɗebi baƙar fata masu ɗimbin yawa don su yi wa soja dako wajen yaƙi da Jamus a Tanganyika. Aiki ne na azaba, dubban mutane suka hallaka saboda yunwa da cuta. Mutisya yana cikin waɗanda aka tafi da su, Allah kuwa ya yi yana da sauran kwana. A kusa da Darussalam ya gamu da masassaƙan ƙabilar Zaramo, waɗanda ke sassaƙa mutum-mutumi suna sayar wa Turawa. Ya zuba ido, ya lura da yadda su ke sarrafa icce, ya riƙe abin a zuci.

Bayan yaƙi ya koma Wamunyu, ya ɗauki gizago da wuƙa ya kama aiki. Turawan mulki suka riƙa sayen abin da ya sassaƙa. Da fari bai koya wa kowa ba sai ɗansa da danginsa na kusa, daga baya maƙwabta suka ɗauka. Ya rasu a 1927, bai ga bunƙasar abin da ya shuka ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu baƙi masu zuwa kallon namun daji suka yawaita, sai masassaƙa suka mai da hankali ga siffofin dabbobi. Aka raba aikin: wani ya fitar da siffa, wani ya goge, wani ya shafa mai. Fatake suka kai kayan har Turai da Amurka. A 1968 masassaƙan Kamba suka kafa babbar ƙungiyar haɗin gwiwa a Mombasa. Cikin shekarun 1990 an ƙiyasta masassaƙan Kenya sun kai dubu 60.

Amma arzikin ya zo da ɓarna. Itatuwan da aka fi so, wato muhugu da baƙin icce mpingo, suna daɗewa kafin su girma, sara kuwa ta fi ƙarfin tsiro, har suka yi wuyar samu. Don haka aka shiga jan hankalin masassaƙa ga itatuwa masu saurin girma, kamar mangwaro da dogon yaro, wanda ke ba mu inuwa a titunan Maraɗi da Damagaram.

Mutisya ya tafi yaƙi da kayan wani a kai, ya komo da sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje. Abin da ya rage ga magadansa shi ne su dasa icce kafin su sare wani.