Sarki Njoya na Fumban, wanda ya ƙago wa mutanensa rubutu

Duk wanda ya zauna a New Bell ya san mutanen Bamun. Da su ake haɗa sahu a masallaci, da su ake ciniki a kasuwar Nkololoun, har auratayya ta shiga tsakani. Sai dai kaɗan ne daga cikin matasanmu za su iya faɗin dalilin da ya sa sunan sarkinsu na 17, Ibrahim Njoya, ya shiga littattafan tarihin rubutu na duniya. Wannan bawan Allah ya ƙago haruffa, ya sa an auna ƙasarsa an zana taswirarta, ya kuma yi yunƙurin kafa maɗaba'a tun kafin yawancin garuruwan Kamaru su ga injin buga takarda. A da yawa daga cikin ayyukan nan akwai hannun Hausawa da Fulani.

An haife shi a Fumban, a yammacin Kamaru, wajen shekarar 1876. Yana yaro aka kashe mahaifinsa, Sarki Nsangu, a yaƙi da mutanen Nso, suka kuma tafi da kansa. Mahaifiyarsa Njapndunke ce ta riƙe masa sarauta kafin ya girma. Bai gama zama a gadon ba wani babban bafade mai suna Gbetnkom ya yi masa tawaye, aka shiga yaƙin basasa. Da abin ya yi tsanani sai ya aika wa Lamiɗo Umaru na Banyo yana neman gudummawa. Dawakin Fulani suka zo, aka murƙushe tawayen.

Abin da ya tsaya wa saurayin sarkin a rai bayan yaƙin shi ne malaman da ya gani tare da rundunar Banyo, da kuma fataken Hausawa masu shigowa Fumban. Mutane ne masu salla, masu allo da tawada, waɗanda ke aika magana gari mai nisa a jikin takarda ta isa ba ta canza ba. Ya karɓi Musulunci, ya ɗauki babbar riga da rawani. Labarin da fadar ke bayarwa shi ne an umarce shi a mafarki ya zana hannun mutum a allo, ya wanke ya sha. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, rubutun sha ne. Da gari ya waye sai ya tara fadawa ya ce kowa ya zano masa abubuwa ya faɗi sunansu, daga cikinsu ya riƙa zaɓe.

Rubutun farko, wanda ya fito wajen 1896, yana da alamomi kusan 500, yawancinsu hoton abin da ake nufi. Irin wannan rubutu yana da wuyar koyo, ga shi ba ya iya ɗaukar sunan baƙo ko kalmar da ba ta da siffa. A nan ne basirar Njoya ta bayyana, domin bai rungume abin da ya ƙago yana alfahari da shi ba. Ya yi ta yi masa kwaskwarima, yana zubar da alamomi, yana sauƙaƙa zanen waɗanda suka rage, yana karkatar da su daga nuna abu zuwa nuna sauti. Zuwa wajen 1910 sun koma 80 kacal, kowace alama tana tsayawa a madadin gaɓa ɗaya ta magana, kamar a ce a Hausa ba da ki da mu kowace tana da harafinta guda. Ana kiran wannan tsari a-ka-u-ku, daga sunayen haruffansa huɗu na farko, ana kuma rubuta shi daga hagu zuwa dama. Har lambobin ƙidaya yana da nasa.

Gaskiya ne Njoya ya riga ya ga rubutun Larabci, daga baya ya ga na boko, kuma ba shi ne farkon ɗan Afirka ta Yamma da ya yi irin wannan ba, don Momolu Duwalu Bukele ya ƙago wa mutanen Vai na Laberiya nasu tun wajen 1830. Amma tafiyar da rubutu ya yi daga hoto zuwa sauti, wadda ta ɗauki tsoffin daulolin duniya ɗaruruwan shekaru, a Fumban an yi ta cikin shekara goma sha biyar, a gaban idon mutum ɗaya.

Rubutun kuma bai tsaya a ado ba. Sarki ya buɗe makaranta a fada, shi da kansa yana koyarwa, waɗanda suka iya aka tura su wasu garuruwa su koyar. Aka soma rubuta hukuncin shari'a, da haihuwa da aure da mutuwa, da wasiƙu tsakanin fada da hakimai. Ya tara dattawa suka rubuta tarihi da al'adun Bamun a littafi mai shafi sama da 500, wanda Henri Martin ya fitar da fassararsa ta Faransanci a 1952. Ya sa masu magani sun kawo abin da suka sani na itatuwa da cututtuka aka tattara shi a wani littafin, ilimin da a da kowa ke ɓoyewa ya mutu da shi.

Jamusawa sun iso Fumban a 1902. Njoya ya ga abin da bindigarsu ta yi wa maƙwabta, sai ya zaɓi lallami. A 1906 mayaƙansa suka bi su yaƙin Nso, aka dawo masa da ƙoƙon kan mahaifinsa, abin da ya ƙara masa daraja ƙwarai a idon jama'arsa. A 1908 ya je Buea wurin gwamna, ya ba da gadon sarautar nan mai ado da duwatsun wuya, Mandu Yenu, a kai wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Har yau ana gardama ko kyauta ce ta son rai ko kuwa irin kyautar da mai rauni kan yi wa mai ƙarfi.

A wannan zamani na zaman lafiya da Jamus ne ya fi yin aiki. A 1912 ya fita da tawaga ƙarƙashin Nji Mama suka zaga ƙasar da ƙafa, suna rubuta sunan kowane ƙauye da rafi da dutse, da tsawon lokacin tafiya daga wannan zango zuwa wancan. An sake wani zagayen a 1920. Daga nan aka zana taswirar da ake kira Lewa Ngu, wato littafin ƙasa, sunayenta duk da haruffan Bamun. Sarkin da ke ganin Turawa na raba ƙasa da takarda ya gane cewa wanda ba shi da tasa takardar ba shi da bakin magana.

Ya sa maƙeransa sun ƙera injin niƙa masara da ake juyawa da hannu, don rage wa mata wahalar dutsen niƙa. Shuɗin yadin nan na sarauta, ndop, a da fataken Hausawa ke kawo shi daga wajen Wukari. Njoya ya jawo masu sana'ar, aka kafa masaƙa da marina a fada ana yin sa a gida. Da tsohuwar fada ta ƙone a 1913, ya tsara sabuwa da jan bulo mai hawa uku, aka soma ginin a 1917, tana nan tsaye har gobe. Maɗaba'ar ce ba ta yi nasara ba. Wani maƙeri, Kpumie Pinu, ya shafe shekaru yana zuba haruffan da tagulla, amma ba a kai ga buga littattafai da su ba, an kuma ruwaito cewa sarkin da kansa ya lalata aikin wajen 1920, lokacin da zamansa da Faransawa ya yi tsami.

Akwai abin da mazaunin Duwala ba zai tsallake ba a tarihin Njoya. Unguwar New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na ƙwace filayen bakin kogin Wouri su tura baƙar fata can baya. Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya kai da fata yana adawa da shirin, a 1914 kuma aka ce ya aika manzo Fumban yana neman goyon baya. Njoya ya sanar da Jamusawa, maganar ta shiga cikin hujjojin tuhumar cin amanar ƙasa, aka rataye Manga Bell da sakatarensa Ngosso Din ranar 8 ga Agusta 1914. Masu kare Njoya na cewa sarautarsa da jama'arsa yake tsarewa. Ko da haka ne, an rasa rayukan mutum biyu da ke kan gaskiyarsu, kuma wanda zai yabi sarkin a garin nan ya kamata ya san da wannan.

Ta fuskar addini ma ya yi tangal-tangal. Ya kusanci 'yan mishan na Basel da suka zo a 1906, daga baya ya rubuta littafin wata aƙida tasa da ta gauraya Musulunci da Kiristanci da al'adar Bamun, abin da babu malamin da zai amince da shi. A ƙarshe ya dawo ga Musulunci, ya ɗauki laƙabin sultan, a kansa kuma zuriyarsa take har yanzu.

Lallamin da ya yi wa Jamus bai amfane shi ba da Faransa ta karɓi ƙasar a 1916. Sababbin masu mulki na kallonsa a matsayin mutumin abokan gabarsu, kuma ba su son sarki mai makarantunsa da rubutunsa da kotunsa. Makarantun suka mutu, Faransanci ya maye gurbi. A 1924 aka rage masa iko, aka naɗa wasu sarakuna a cikin ƙasarsa, ya koma zama a gidan gonarsa da ke Mantum. A 1931 aka kai shi Yawunde, can ya rasu ranar 30 ga Mayu 1933. An mayar da gawarsa Fumban, ɗansa Seidou Njimoluh Njoya ya gaje shi, ya yi mulki har 1992.

Bayan rasuwarsa masu iya karanta a-ka-u-ku suka yi ta raguwa, har saura tsiraru. Takardun dai fada ta adana dubbai daga cikinsu, kuma a farkon wannan ƙarni aka soma ɗaukar hotunansu tare da koya wa yara haruffan. A 2009 aka shigar da rubutun cikin Unicode, tsarin da ke bai wa kwamfuta da wayar hannu damar nuna haruffan harsunan duniya. A watan Afrilu na 2024 aka buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun kusa da fada, a zamanin Sultan Nabil Mbombo Njoya, ginin da aka yi da siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a bisansa. Gadon da aka kai wa Wilhelm kuwa yana Berlin har yau.