Najashi, Sarkin Habasha Mai Adalci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, ana yawan tambayarmu ko Ubangijin da Kirista suke kira Shi ne wanda muke bauta wa. Mun ga ya dace mu amsa da tarihin Najashi, wanda sunansa na yanka As'hama.

Malaman sira sun ruwaito cewa yana yaro fadawa suka kashe mahaifinsa, suka naɗa baffansa, suka sayar da shi ga wani falke a kan dirhami 600. Da tsawa ta kashe baffan, sai suka nemo shi suka ba shi sarauta. Wanda ya ɗanɗani zalunci haka ya san zafinsa.

A shekara ta 5 da aiko Annabi (SAW), wato 615 Miladiyya, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Annabi ya umarci sahabbai da hijira zuwa ƙasar wannan sarki Kirista, domin ba a zaluntar kowa a wurinsa. Cikinsu har da Usmanu ɗan Affan da matarsa Ruƙayya. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido su. Sarki ya ƙi yanke hukunci sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam. Najashi ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya shaida cewa wannan karatu da abin da Annabi Isa (AS) ya zo da shi daga fitila ɗaya suke.

Kashegari Amru ya tono maganar da ta raba mu da su. Ja'afaru bai ɓoye komai ba: Isa bawan Allah ne, manzonSa, kuma kalmarSa da Ya jefa ga Maryamu. Sarki ya ɗauki ɗan tsinke daga ƙasa, ya tabbatar Isa bai wuce haka ba ko da gwargwadon tsinken. Manyan fadansa suka yi gunaguni, amma ya mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukansu.

Daga baya ya musulunta. Shi ya ɗaura auren Annabi da Ummu Habiba, ya biya sadaki dinari 400. Ya rasu a Rajab, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina, abin da malaman Malikiyya suke gani keɓantacce ne gare shi.

Amsarmu ke nan. Mahalicci ɗaya ne, Ubangijin Ibrahimu da Musa da Isa, kuma aya ta 46 a Suratul Ankabut ta umarce mu mu faɗa wa ma'abota Littafi cewa abin bautarmu da nasu ɗaya ne. Saɓaninmu yana cikin siffanta Shi: ba mu yarda Yana da ɗa ba, ba mu yarda Shi na ukun uku ne ba. Don haka mu zauna da maƙwabtanmu Kirista kamar Ja'afaru: gaskiya ba tare da ɓoyewa ba, ladabi ba tare da zagi ba.

Allah Ya yarda da Najashi, Ya sa mu cika da imani. Amin.